Daga Lambar Dantse Zuwa Lambar Bango

Duk wanda aka haifa a ƙasar Hausa kafin shekarar 1970, in ya naɗe hannun rigarsa ya dubi dantsensa, galibi zai tarar da wani ɗan tabo kewayayye, wanda faɗinsa bai wuce na sisi ba. Wannan tabo shi ne lamba, watau shaidar an yi wa mutum rigakafin agana. Masana harshe sun ce daga bakin Turawa muka aro kalmar, daga lafazinsu na ƙidaya, kuma ina ganin akwai abin lura a cikin wannan aro, domin tun ranar da abin ya shigo ƙasarmu tare ya shigo da littafi da alƙalami da ƙirga kawuna, alhali kuwa talaka bai taɓa ganin an ƙirga shi ba face haraji ya biyo baya, ko jangali, ko aikin tilas. Lambar nan ta yi tafiya mai nisa, ta tashi daga dantse ta koma ɗan yatsa, ta tashi daga ɗan yatsa ta hau bangon gida, har al'amarin da a da yake tsakanin uba da iyalinsa ya zama abin da kowane mai wucewa a lungu yake karantawa, ya yanke wa masu gidan hukunci.

Sai wanda ya zauna gaban tsofaffi ya saurara zai san irin firgicin da agana take jefa gari a ciki. Don tsoronta ba a cika kiran sunanta ba, sai a sakaya a ce ado ya shiga unguwa kaza. Takan zo da rani, ta ɗauke waɗanda ajalinsu ya yi, ta makantar da waɗansu, sauran kuwa ta bar musu zanzana a fuska har iyakar rayuwarsu. Amma kada a yi zaton mutanen Afirka sun naɗe hannu sun zuba mata ido har sai da Bature ya zo, gama a ƙasashe da dama na wannan nahiya an san dabarar ɗibar ruwan ƙurjin wanda cutar ta yi wa sauƙi, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, ya yi ɗan ciwo ya warke, daga nan ba ta sake kama shi. Dabara ce mai haɗari, wani lokaci ita kanta takan yi kisa, amma wani bawa da aka kamo daga Afirka shi ya koyar da ita a birnin Boston na Amurka, aka yi aiki da ita a annobar 1721, shekara 75 kafin likitan Ingila Edward Jenner ya gwada tasa hanyar ta ƙurjin shanu.

Haka kuma ba daga littattafan malamai ƙyamar lamba ta fito ba. Kowane ɗalibin ilmi ya san ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sa'ad da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Riƙo da sababi bai taɓa warware tawakkali ba a wurin ma'abota fiƙihu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi wallafa a kan ilmin magani. Hannun da ya miƙo wa talaka abin, da yadda aka miƙo shi, su suka sa ya ja baya.

A zamanin En'e mai lamba yakan sauka ƙauye da ɗan doka ko dogari a bayansa, dagaci ya sa a yi shela, a tara yara da manya a gindin bishiya ko a bakin kasuwa, a riƙa karce dantse ana shafa magani. Maganin nan kuwa ba ya jure zafi, kafin ya yi tafiyar kwanaki cikin ranar bazara sau da yawa ƙarfinsa ya tafi, sai a yi wa mutum lamba ba ta kama ba, agana ta zo ta kwantar da shi, maƙwabta su ce to ina amfaninta. Wani kuma wurin ya ruɓe ya zama gyambo, manomi ya rasa hannun riƙe fartanya. Saboda haka tsofaffi suke ba da labarin yadda ake jefa yara cikin rumbu a rufe, ko a tura su daji kiwo tun da asuba, ko kuwa in an riga an yi, uwa ta ja ɗanta bayan ɗaki ta matse lemon tsami a wurin don kada ya tashi. A wancan zamani gori bai cika faɗa wa wanda ya ɓoye 'ya'yansa ba, da yake kusan kowa ɗan'uwansa ne a cikin laifin. Wanda ya yi gaggawar fito da nasa shi ake yi wa kallon mai neman gindin zama wurin Nasara. Tarar hukuma tana wuyan wannan, bakin jama'a yana bayan wancan, dagaci kuwa yana tsakiya, in ya matsa mutanensa su ƙi shi, in ya sassauta rawaninsa ya yi rawa.

Bari in ɗan ratse. A Ingila kanta a 1853 aka kafa dokar tilasta yi wa jarirai lamba, aka riƙa cin iyaye tara, wanda ya ƙi biya a sayar da kayan ɗakinsa ko a ɗaure shi, har a 1885 dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Lesta, a 1898 kuma majalisarsu ta ba uba damar zuwa gaban alƙali ya bayyana cewa zuciyarsa ba ta yarda ba, a ƙyale shi. Watau shekara 5 kacal kafin sojojin Lugga su ci Kano da Sakkwato, Bature a gidansu ya sami sassaucin da bai zo mana da shi ba.

Ƙarshen agana ya zo da sauri. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da ita, aka zo da busasshen magani wanda zafi ba ya saurin lalatawa, da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa, aka kuma haɗa da rigakafin ƙyanda, wadda kowace uwa ta san ɓarnarta. Sarakuna suka sa baki, jama'a suka fito, zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka yi shelar ta bar duniya. Shekarun da suka biyo baya, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, su ne zamanin kati da asibitin awo, lokacin da mata suke goya jarirai su je da ƙafarsu a yi musu allurar tarin fuka da ta ƙyanda da ta tarin shiƙa, ba ɗan doka ba dogari.

Sa'an nan al'amura suka taɓarɓare. Darajar kuɗi ta karye, asibitocin gwamnati suka koma wuraren rubuta takarda a ce je ka saya. A 1988 gwamnatin soja ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta ba da shawarar kada mace ta wuce 'ya'ya 4, magana da ta tsaya a maƙogwaron mutanen da suke ganin haihuwa arziki ce daga Allah. A 1996 kuma sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000, kuma a tsakiyar wannan musiba kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana na Kano, a cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200. 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu suka nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta yi musu haka, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na wanda ya riga ya kwanta, babu abin da ya haɗa shi da rigakafi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ba ya tsayawa bincike.

A kan wannan miki ne masu ɗigon shan inna suka zo suna sallama gida-gida. Tun 1988 ƙasashen duniya suka yi alkawarin kawar da cutar, lokacin tana gurgunta yara kimanin 350,000 a kowace shekara. Sai dai a wurin Bahaushe shan inna ba ta cikin sahun agana da ƙyanda; sunanta ma ya nuna inda aka jingina ta, ga Inna, aljanar da ake cewa tana shanye ƙafar yaro, abin da aka ɗauka na iska ne kuwa ba a kai shi asibiti. Ga shi kuma ba ta cika bayyana ba, domin a cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu kusan ɗaya ne take gurguntawa, sauran su yi ta yaɗa ta ta bayan gida ba wanda ya sani, wanda shi ne dalilin da ya wajabta a bi kowane yaro, a kuma maimaita ɗigon sau da yawa, tun ba a inda zawo ya yawaita ba, gama a nan maganin yakan wuce bai kama ba. Hujja ce ingantacciya, amma ba a zauna an warware wa mai gida ita ba. 'Yan mata biyu aka turo masa da akwatin ƙanƙara, waɗanda su kansu ba a yi musu bayani mai zurfi ba. Sai ya yi maganar da har yau ban ga wanda ya isa ya raina ta ba: "Jiya na kai yaron nan asibiti da zazzaɓi, aka ce in sayo magani, ba ni da kuɗin, na dawo da shi. Yau kuma ga ku har ɗakin uwarsa da magani kyauta, na ciwon da ba shi da shi, wata bayan wata. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa."

A 2003, shekarar da Amurka ta auka wa Iraƙi, zato ya sami jagora. Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, a ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta bayyana tuhumar cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, Kano kuwa, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje a gida da waje, an kuma kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Tuhumar ba ta tabbata ba, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau ga su nan da goyo. Amma kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indunusiyar kanta, a Nijeriya kuwa a 2006 kaɗai ta gurgunta yara fiye da 1,000. A waɗannan shekaru wanda ya buɗe wa masu ɗigo ƙofa shi ne abin nuni a majalisa, a ce ya sayar da zuriyarsa, ko imaninsa ya yi rauni, ko boko ya cinye shi. Na san malamin makaranta da yake ɗaukar 'ya'yansa a babur ya kai su gidan ƙanwarsa a wata unguwa a ɗiga musu a can, don kada a gani a layinsu.

Daga baya bakin jama'a ya sauya alƙibla. Gwamna Shekarau ya miƙa ƙaramar 'yarsa Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata a bainar jama'a, hukuma ta koma neman kowane yaro, kuma domin a san wanda aka yi wa, sai aka riƙa shafa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu, a kuma rubuta da alli a jikin bango ko ƙyaure ranar da aka zo, da adadin yaran da aka samu, da alamar gidan da ya ƙi. Gidan da ya ƙi a kai sunansa ga mai unguwa, in abin ya fi ƙarfinsa a kai ga dagaci, har ga hakimi. A 2011 hukumomin Kano suka yi barazanar gurfanar da irin waɗannan iyaye gaban kotu. Mutumin da jiya ake yaba wa tsayuwarsa a kan addini, yau ana kiransa jahili, mai jawo wa ƙasa abin kunya a idon duniya.

Yadda iyaye suka yi da wannan matsi shi ne sashen tarihin da ya fi ba ni sha'awa, domin Bahaushe ba ya son fito-na-fito da hukuma, ba ya kuma son a ce ya ba da kai. Kaɗan ne suke tsayawa a zaure su ce ba a shiga. Galibi sai a aiko yaro ya ce mai gida ba ya nan, kuma bai bar sallahu ba. Ko a ce yaran sun tafi makarantar allo, alhali suna ƙarƙashin gado an toshe musu baki da ƙuli-ƙuli. Ko a ce jaririn bai yi arba'in ba, ko yana haƙori, a dawo zagaye na gaba. Jinkiri ya zama mafakar wanda ba ya so ya ƙi, ba ya kuma so ya karɓa, gama mai cewa sai wani jiƙon bai saɓa wa malaminsa ba, bai kuma saɓa wa mai unguwa ba. Waɗansu suka gano cewa tawadar ake dubawa, ba cikin yaro ba, sai su roƙi ma'aikaciya ta shafa a yatsa ta wuce, ita kuma da yake da yawan yatsu ake auna aikinta, wani lokaci ta yarda. Waɗansu kuma suka mai da ƙin nasu ciniki, unguwa guda ta haɗa baki ta ce ba yaron da za a ɗiga wa sai an gyara rijiyar burtsatse, ko an yashe kwata, ko an kawo taransifoma, domin sun lura cewa wannan ne abu ɗaya tak da gwamnati take nema a hannunsu har take zuwa ƙofar gida da sallama. Mai unguwa ya zo ya ce, "Haba Malam, kada ka sa a kira ni gaban hakimi a kanka." Mai gida ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban isa in ja da kai ba, yara ai naka ne. Sai dai a bar ni in yi shawara da yayana." Shawarar nan kuwa ba ta ƙarewa sai masu ɗigo sun bar gari.

Nauyin duka a kan uwa ya ƙare, wadda ita ce mafi ƙarancin iko a cikin mas'alar. Ma'aikatan mata ne, saboda namiji ba ya shiga gidan kulle, sukan kuma zo da hantsi lokacin da maza suke kasuwa ko gona, sai su tarar da matar da mijinta ya ce in ta kuskura ta miƙa ɗansa, a bakin aurenta. In ta ƙi, ma'aikaciya ta yi mata faɗa a tsakar gida gaban kishiya. In ta karɓa, tawada ta tona mata asiri da magariba. In yaron ya yi zazzaɓi bayan kwana biyu, uwar miji ta ce, "Ai ga irinta nan, sai da na faɗa miki." In kuwa ba a yi masa ba, ƙafarsa ta shanye ko ƙyanda ta ɗauke shi, sai ta tsinci zancen sakacinta a gidan suna, ko ta je asibiti a tambaye ta kati, a daka mata tsawa gaban layi har ta rantse ba ta sake komawa. Mata da yawa sun warware wannan da irin hikimarsu, a fake da zuwa barka ko dubiya a biya ta asibiti, a ɓoye katin a ƙasan adaka ko a gidan iyaye, a rufe tawadar da lalle. Fuƙaha'u sun yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin miji na a yi masa ɗa'a, da haƙƙin ɗa na a kiyaye ransa, amma matar da ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki da jariri a kafaɗa, ana jiran amsarta, ba ta da sararin tarjihi tsakanin ƙauli da ƙauli.

A ganina tsawa da barazana ɓuya kawai suka koya wa mutane. Abin da ya yi aiki ta waɗansu ƙofofi ya shigo. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abin da iyaye suke so, allurar ƙyanda da maganin tsutsar ciki da sabulu da gidan sauro. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tattara sarakunan Arewa a kan al'amarin. Hukumomin Saudiyya suka wajabta ɗigon a kan maniyyatan Nijeriya, babba da yaro, sai ga dattijon da ya hana a ba jikansa ya buɗe baki a Jidda an ɗiga masa, bayan ya dawo kuma maganar makirci ta yi masa nauyi a baki. Guragu, waɗanda cutar ta riga ta taɓa, suka hau kekunansu suna bin masu ɗigo, su tsaya a ƙofar gidan da ya ƙi, ba su da wata hujja sai ƙafafunsu. Aka ɗauki ungozomomi da matan unguwa, waɗanda tun asali da su ake suna da biki, a maimakon baƙin fuska. Ba a sami wannan da araha ba, domin ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin ɗigo a wuraren shan magani biyu a Kano, matan da ladan aikinsu na yini bai taka kara ya karya ba.

A jihar Borno, inda yaƙi ya hana ma'aikata shiga, aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta gurgunta, a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka yi shelar Afirka ta rabu da ita. Ɗigo dai bai tsaya ba, domin ƙwayar da aka raunana a cikin maganin, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa ba, takan sake yin ƙarfi har ta gurgunta. A 2023 kuma mashaƙo ya yi ƙamari, Kano ta fi kowace jiha shan wuyarsa, galibin yaran da ya shaƙe kuwa ba su sami allurar da ke kare shi ba, wadda take cikin jerin asibitin awo tun zamanin kati. Wanda ya ratsa lungunan Fagge ko Kurna yau zai ga alli a jikin ƙyaure bayan ƙyaure, sabon rubutu a kan tsoho, wani ruwan damina ya wanke rabinsa, wani kuma yaran gidan sun ƙara masa zanen mota.